Sandar Bakin Rafi

Zuwa ga maigidana na daji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da itatuwan da aka ba ka gadi. Ni kakarka ina nan, sai gwiwa. Tunda wurin naku ko waya ba ta kamawa, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare.

Direban da ke kai maka kayan abinci duk Laraba ya kawo min labarinka. Wai ya ga ka shiga rafin nan da motar ofis ruwa har fitila, ka fito kana washe baki kamar wanda ya ci gasa. Sannu, jarumi. Da me za a saka maka, tafi ko guɗa?

Kai kaɗai kake a can, ko kaza ba ka ajiye ba. In ruwa ya tafi da kai ranar Alhamis, sai wata Larabar za a san ba ka nan, shi ma don an ga shinkafarka ba mai karɓa.

Ga sandar kakanka na aiko. Shekara talatin yana jan babbar mota, ina gefensa a rabinsu. In ya zo rafi sai ya sauka, ya kafa sanda a cikin ruwan bakin gaɓa daidai inda aka yi mata tsaga, ya zauna ya sha shayi kofi ɗaya. In ya gama tsagar tana nan a fili, ya wuce. In ruwa ya haɗiye ta, ya juya. Ka yi haka, ko da kanka ya fi ƙarfin hularka.

Ka huta lafiya.
Kakarka

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu wasiƙarki da sandar. Na gode. Ta yi min amfani sosai, da ita nake tokare tagar kicin.

Kaka, motar zamanin kakana daban, ta yanzu daban. Wannan da ƙafa huɗu take ja, kuma an yi mana horo a kanta har da takardar shaida. Ke kuwa, in ban manta ba, ko keke ba ki taɓa tuƙawa ba. Zama kusa da direba ba tuƙi ba ne.

Asabar ta sama zan shigo gari. Babban ofis na tantance waɗanda za a dawo da su cikin gari, ƙarfe goma na safe, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Wata goma sha huɗu ke nan ina hira da bishiyoyi. In na rasa wannan, sai baɗi. Saboda haka ko rafi ya so ko ya ƙi, zan haye, ba ni da lokacin shan shayi a bakin hanya.

A gaida Umma. Ki rage sauraron direban nan.
Jikanki

*

Mai takardar shaida,

Ina gaishe ka, ina gaida takardar. Ka riƙa ajiye ta a aljihun gaba, in ruwa ya taso ka zaro ka nuna masa, wataƙila ya iya karatu.

Gaskiyarka, ban taɓa tuƙi ba. Amma na taɓa kifar da mota, kuma da baki na yi.

An gaya muku ɗingishin kakanku daga haihuwa ne. Ƙarya ce, ni na ƙirƙira ta, shi kuma ya rufa min asiri har ya koma ga Allah. Ƙanwata ce ta haihu, na matsu in je. Muka iso wani rafi da hantsi, rana fes, ko gajimare babu, ruwan iya idon sawu. Ya ɗauko sanda zai sauka, na ce, “Kai dai ka cika tsoro. Wannan ruwan ko akuya ta tsallake.” A gaban fasinja biyu na faɗa. Ya dube ni, ya mayar da sandar, ya sa giya.

Ashe an kwana ana ruwa can kan duwatsu, inda ido ba ya kaiwa. Muna tsakiya ya iso, ja wur, da itace a ciki. Ni ta taga ya turo ni, sannan motar ta kwanta a kan ƙafarsa. Jaririn da nake wa gaggawa sai da ya yi wata uku kafin na gan shi, kuma da na gan shi, mummuna ne.

To kai ba ka ma da matar da za ta zuga ka, da kanka kake zuga kanka, ka ga ka fi ni gwaninta. Ba na roƙonka, ban saba ba. Ka dai rubuta a takarda ka liƙa a ƙofa, ranar da ka fita da hanyar da ka bi, don kada a wahalar da mutane wajen nema. Uwarka ba ta da ƙafar yawon bakin rafi.

Sai na ji ka, in an ji.
Kakarka

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban zo ba, kin dai gani.

Na liƙa takardar a ƙofa. Na isa rafin ƙarfe bakwai, sama tas, ruwan bai kai rabin taya ba. Na kafa sandar ne kawai don in samu abin da zan rubuto miki. Na zuba shayi daga fulas. Ban kai rabin kofi ba tsagar ta ɓace. Kafin in miƙe in ciro ta, ruwan ya zama ja, ya tafi da sandar, ga wani kututture ya bi ta daidai inda zan bi.

Na juya motar na koma daji. An yi tantancewar ba ni. Ina nan sai baɗi.

Ki yafe min, na salwantar da sandar kakana.
Jikanki

*

Malam matsoraci,

Barka da shan shayi. Direban ya ce ka rame, na ce dama ba wani kyau gare ka ba.

Daina makokin sanda. Ta kakanka ta bi motarsa tun kafin a haifi uwarka. Waccan sandar mofar goge ɗaki ce, ni na yi mata tsaga da wuƙar albasa. Ga wata na aiko, kuma ina da sauran biyu.

Baɗi kuwa, da kai za a yi ta. Ka gaida bishiyoyi.
Kakarka