Bencinan Aji Shida Ba Za Su Fita Ranar Alhamis Ba

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tarbar Ɗan Wasa, na ƙungiyar cigaban garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne malamin aji shida na firamaren garin nan, wanda ka sa aka zaunar da shi a taron Asabar kafin ya kai aya. Tunda an hana ni magana a gaban mutum ashirin, sai na rubuta inda kowa zai gani, daga Kankia har Kusada. Kwamitinka ya yanke cewa ranar Alhamis za a rufe ajina, a kwashe bencina a kai fili don manyan baƙi, a kuma jera yarana a bakin hanya su tarbi Sagir, ɗan garinmu da ke buga ƙwallo a ƙasar waje. Amsata ita ce ban yarda ba, ga kuma dalilaina.

Na farko, maganar da ka yaɓa mini. Ka ce: "Malam, kai yara arba'in ke kallonka, shi duniya ke kallonsa, don haka ka san matsayinka." Aka yi dariya. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma rabin maganarka gaskiya ce. Na san abin da ya sa ɗan ƙwallo ya fi malami samu. Ko a nan, matashin da bai karya ba zai biya kuɗin gidan kallo, kuma haka ake yi a kowane gari. Kamfanoni suna bin inda idanu suka taru su zuba kuɗin talla. Masu ƙafa irin ta Sagir kaɗan ne, shekarun wasansu ma kaɗan ne, malamai kuwa muna da yawa kuma ba wanda ke sayen tikiti don ya ga yarinya ta fara haɗa baƙi. Aikinmu kamar dashen ɗorawa yake, lokacin da za a sha inuwar an manta wanda ya dasa. Duk wannan na yarda da shi. Kasuwa ce ta yanka masa albashi, ni ma ban kai ƙarar kasuwa ba. Amma kasuwar ba ta ce a rufe aji ba, wannan kai ka faɗa.

Na biyu, ba na hassadar Sagir, kuma ina so a daina yawo da wannan magana a majalisa. Shekara biyu yana gabana. A kan buhun taki ya zauna ya koyi karatu, don lokacin ko benci ɗaya babu. Ni na riƙa bin sa fili ina dawo da shi aji da kunne, har mahaifinsa ya taɓa yin fushi da ni. Duk takardar da ya sa wa hannu a can, da karatun buhun nan ya karanta ta. In ya ci ƙwallo ina murna kamar kowa. Abin da ba a faɗa a taro shi ne, sa'o'insa da suka bar makaranta saboda ƙwallo suna nan tare da mu, wani da gwiwa a kumbure, wani ko sunansa ba ya iya rubutawa. Ina haɗuwa da su a tashar Kusada, inda nake kabu-kabu da yamma don albashina ya kai ƙarshen wata. Kai ma na taɓa ɗaukar ka, Alhaji, ka nemi ragi kuma na yi maka.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bencinan nan ba na ƙungiya ba ne. Kakar bara waccan iyayen yara suka taru, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta gero ko dawa. Na zuba a buhu, na ɗaura a bayan babur na kai kasuwa, aka saya katako, kafinta a Kusada ya haɗa su. Baffa Iro, makiyayin da ke rugar gabas da gari, ba shi da hatsi a lokacin, sai ya sayar da ɗan akuya. Da ya kawo 'yarsa Hansatu ya ce mini: "Malam, in zaman ƙasa ne muna da ƙasa a ruga." Na yi masa alkawarin ba za ta zauna a ƙasa ba.

Bara kun ari bencinan nan don taron ƙungiya, da sunan yini ɗaya. Mako biyu suka yi. Da suka dawo, huɗu sun karye, biyu kuwa har yau ba a san inda suke ba, kodayake akwai wani mai kama da su a gaban wani shago da ba zan ambata ba. Ni na sayi ƙusa na gyara sauran. A waɗannan makonni Hansatu ta zauna a ƙasa, mahaifinta ya ji labari ya cire ta. Sau uku ina takawa zuwa ruga kafin ya mayar da ita. Na ji kunyar mutumin nan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ya gaya mini babu na huɗu.

Na huɗu, jarrabawar shiga sakandare mako mai zuwa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanakin nan ne muke maimaita lissafi, kuma Hansatu na cikin ukun farko a ajin. In ta tsaya a rana tana tafi, Sagir zai koma bakin aikinsa babu abin da ya ragu a jikinsa, ita kuwa ta koma ruga.

An kawo mini saƙo cewa kana da mutane a sama, za ka sa a jefa ni ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina koyarwa, rabinsu a inda mota ba ta zuwa. Can ma yara ne, kuma allo baƙi ne a ko'ina.

Ga roƙona. A mayar da bikin ranar Asabar, ni da kaina zan kawo yaran da iyayensu suka yarda. A yi hayar kujerun roba daga Kankia, kwamitin da ya iya yanka bijimi don biki ba zai kasa wannan ba. A dawo mana da bencinanmu biyu. Sannan in Sagir ya iso, a tambaye shi ko yana so a zaunar da ƙannensa a ƙasa don a tarbe shi. Na san yaron, ba na jin zai ce e.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa bikin ya yi kyau, ya tsare wa Sagir ƙafarsa, ya kuma ba ka zuciyar karɓar gaskiya daga na ƙasa da kai.

Makullin aji shida yana aljihuna. Ranar Alhamis da ƙarfe takwas ina gaban allo in Allah ya kai mu. Duk wanda ka aiko ɗaukar benci, ka gaya masa ya zo da ƙarfinsa, don zai tarar da yara uku-uku a kan kowanne, Hansatu tana kan na gaba.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Malam Rabe, malamin aji shida.