Ɗigon Jan Farce a Kan Hatimin Kamfani

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata 'yar ƙarama. Haƙoran nata sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Kada ki ga wasiƙa gabanki ya faɗi. Kwamfutar da kika saya mana ce ta mutu, shi ya sa kika daina ganina a ranar da muka saba hira. Na danna, na sa caji, na ɗan bubbuga ta yadda nake yi wa injin walda idan ya yi gardama, ko tari ba ta yi ba. Wayata kuwa kin san ta, murya kawai take kaiwa, ni kuma ban iya doguwar magana da wanda ba na ganin fuskarsa ba.

Kin ce tana da garanti, to na kai ta ofishin kamfanin. Wuri ne mai sanyi kamar cikin firji, da kujerun ƙarfe waɗanda ko a shekarata ta farko ba zan yi irin waldarsu ba. Aka miƙo mini lamba wai in jira. Ni da na fara da aron inji a gindin bishiya, yau rabin ƙofofin unguwarmu aikin hannuna ne, wai ni ne lamba.

Injiniyar mace ce, ba za ta girme ki ba. Ta duba rasit, ta kifa kwamfutar, sai ta tsaya. Ta ce, Baba, wa ya taɓa mana hatimi? Ashe akwai wata 'yar farar takarda, ba ta fi ƙwayar wake ba, da kamfani ke liƙawa a kan noti ɗaya. Idan ta yage, garanti ya tashi. Na ce 'yata, ni abin da ba ƙarfe ba ba na buɗe shi. Sai ta juyo mini da ita.

Auta, ɗigon jan farcen Ummanki ne, daram a tsakiyar hatimin.

Kin tuna? Tukwane, farantai, cokula, dutsen guga, ba abin da ya shigo gidan nan bai sha ɗigonta a gindi ba. Maƙwabta su ara, su dawo da nasu a maimakon namu, ita dai kifawa kawai take yi ta ce wannan ba ɗan gidan nan ba ne. Har gilashin waldata sai da ta ɗiga masa. Na ce mata saura ni, ta ce kai wa zai are ka? Ina jin da ta ga 'yar farar takardar nan sai ta ɗauka wurin da aka tanadar mata ne. Ba a jima ba ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ban san wani abin da ta ɗiga wa bayan wannan ba.

Injiniya ta sa gilashi ta duba, ta ce hatimin lafiyarsa ƙalau, garanti na nan. Sai dai notin yana ƙarƙashinsa, kuma an yi hatimin ne yadda da an taɓa zai marmashe. Na ce a bar garantin, zan biya a shiga ta wani wurin. Ta ce Baba, ba zancen biya ba ne, ƙofar ke nan guda. Na ɗauko abata na dawo gida.

Ki gai da mijinki. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Mai Walda

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ya aiki, ya ɗawainiyar gida? Amsarki ta iso. Kin ce in yi yadda na ga ya dace, wato kin dawo mini da kayana kaina. Halin Ummanki sak.

Kwamfutar ta daɗe a kife a kan teburin falo, kullum in na dawo daga shago sai na zauna ina kallon gindinta kamar talabijin. Ranar da kika kira kina ihu wai amaryata ta fara tafiya, ni abin da na ji kawai faɗuwar kofi da dariyarku. Na ajiye wayar raina a jagule.

A nan na tuna ban taɓa ganin Ummanki ta ɗiga wa abin da ke ajiye a akwati ba. Abin da zai fita ya yi aiki ya dawo, shi take yi wa. Da tana nan ta ga na mai da kwamfuta kayan ado, da na sha faɗa har maƙwabta su ji.

Na mayar da ita ofishin kamfanin. Na ce sai a gabana za a buɗe, suka ce doka ta hana, amma injiniyar ta matso da teburinta jikin gilashin da ya raba mu. Ta sa sukundireba, ɗigon ya marmashe kamar busasshen fenti. Ta tattara garin a 'yar takarda ta kawo mini. Na ce me zan yi da shi? Sannan na karɓa.

Sun canja abin da ya ƙone a ciki, sun liƙa sabon hatimi fari fat. Ga ta nan tana aiki, sai dai kamar baƙuwa.

Na samo kwalbar jan farcen a durowar Ummanki, bai bushe ba. Da na buɗe, ƙamshin ya cika ɗakin. Na rufe na ajiye miki. In kin zo ke za ki ɗiga, amma can gefe, injiniya ta roƙe ni.

Ranar da muka saba, ki tsayar mini da amaryata daga bakin ƙofa, ki matsa. Ta tako in gani.

Mahaifinki,
Mai Walda