Takardun da Na Sa Hannu Cewa Na Ƙona

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, ina fatan kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Na san ni ce ta ƙarshe da ta cancanci roƙon wannan alfarma, za ku gane dalili in kun karanta. Wanda zai zage ni ya dakata ya ji zancen tukuna, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni kwana da tashi.

Ni sakatariya ce a wani biro, wato ofis, na gwamnati a nan Dakoro, ba zan faɗi wanne ba. Bara aka aiko mamu daga Maraɗi cewa a zagaya a ji ra'ayin jama'a kan yadda ake tafiyar da rijiyoyin bisashe, wa ke shayarwa, wa ake hanawa, me za a gyara. Ma'aikata sun yi kaɗan, sai shugaban biro, wanda muke ce ma shef, ya ce in shiga mota in bi su. Kowace takarda tana da kai da gangar jiki. A kai ake rubuta suna da gari da lambar waya, mutum ya dangwala yatsa. A ƙasa ake rubuta abin da ya faɗi. Ka'ida ita ce da an dawo a yage kan a kulle shi daban, a shigar da maganar cikin ordinater, wato kwamfuta, ba suna, in an gama a ƙone komai. Kuma kafin kowa ya buɗe baki sai mun karanta mashi cewa sunansa ba zai fita ba har abada. Ni na fi kowa iya wannan karatu, har da dafa ƙirji nake yi.

Can wajen Azagor muka samu wani tsohon makiyayi, bari in kira shi Baba Sambo. Yana jin Hausa, amma doguwar magana sai da Fulatanci, don haka ɗan ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, zan kira shi Umaru, shi ya yi mamu tafinta. Mu uku ne kaɗai a gindin itace. Da fari tsohon ya ƙi magana, sai "lafiya lau" yake ta ba ni. Na ce, "Baba, ni ɗiyarka ce. Wannan takarda ko shef ba zai ga sunanka a kanta ba." Ya dube ni, sannan ya saki baki. Ya ce shugaban komitin rijiyarsu yana fara shayar da garken manyan 'yan kasuwa tun da safe, talakawa sai rana ta take, ruwa ya ja baya, shanu na faɗuwa a layi. Ya faɗi sunan mutumin, ni kuwa na rubuta cikin Faransanci tsaf, ina jin daɗin na samo magana mai nauyi.

Muka dawo, wuta na ɗaukewa kullum, Maraɗi na ta kira a aiko sakamako. Yage kawunan nan ɗaya bayan ɗaya sai na ga ɓata lokaci ne, tunda ai duka wuta za su. Na shigar da aikina, na tara takardun cikin kwali biyu. Shef ya ce, "Madam, ki ƙone su yau, ga takardar shaida ki sa hannu." Na sa hannu tun kafin in nemi ashana.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ƙanwar mahaifiyata, Inna, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, kuma ƙosai take soyawa a bakin tasha. Tun da na fara aiki nake kai mata tsofaffin takardun biro tana naɗe ƙosai, kuma ba ni kaɗai ba, wace mai ƙosai ce a garin nan ba ta naɗi da takardar lakwal, wato makarantar boko, ko ta biro? Ranar ta aiko cewa takarda ta ƙare mata. Na tsaya gaban kwalayen nan na ce a raina, fara ƙal ɗin takarda haka a ba wuta, Inna na can tana rasa abin naɗi? Wa zai tsaya karanta Faransanci a jikin ƙosai? Na tattara tsofaffin ambulan na cinna masu wuta a bayan biro don a ga hayaƙi, kwalayen kuma na ɗora a kabu-kabu. Wallahi ko gabana bai faɗi ba. Har daɗi na ji na yi wa Inna abin kirki.

Bayan kamar mako uku na je gaishe ta, sai na ga tana naɗi da jarida. Na ce, "Inna, ina takarduna?" Ta yi dariya ta ce, "Ke, wani bawan Allah na samu ranar kasuwa. Ya sayi ƙosai, sai na ga ya tsaya yana ta duban takardar, ƙosan har ya huce. Ya ce ina sauran, na nuna mashi. Ya ce tsohon mushe ne shi, malamin lakwal, yana son karatu, in ba shi duka ya kawo mani jaridu. Kin ga ma jaridar ta fi shan mai." Na ce ta kwatanta mani shi. Tana faɗin kamanninsa da kalar motarsa sai na zauna a kan benci. Shugaban komitin ne, na gan shi da motarsa lokacin da muka zagaya. Ni da na yi lakwal, na manta da cewa ba ni kaɗai na yi ba.

Abin da ya biyo baya shofer ɗinmu, mai tuƙa motar biro, shi ya kawo labarinsa, yana ba da shi kamar hira, bai san da wa yake ba. Wai shugaban ya tsaya a bakin rijiya gaban jama'a ya maimaita maganar Baba Sambo kalma bayan kalma, sannan ya ce tunda rijiyarsa ta zalunci ce, tsoho ya nemi ta adalci. A tsakiyar rani, jama'a. Tsohon ya kora garkensa zuwa wata rijiya mai nisa, raunana suka zube a hanya. Shugaban bai faɗi inda ya samu zancen ba, kuma wa zai tambaye shi? Sai dangi suka yi lissafinsu: mutum uku ne a gindin itacen. Tsoho ba zai kai ƙarar kansa ba. Ma'aikaciyar gwamnati ta yi alkawari, kuma ba ta da saniya ko ɗaya a wurin. Saura wa? Ga shi kuma shanun Umaru ba a hana su ruwa ba, tunda sunansa ba ya kan takarda. Shi ke nan, magana ta zauna a kansa.

An ce Umaru ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe, ba wanda ya saurara. An daina cin abinci da shi. An yi suna a gidan, ba a gaya mashi ba. Da dangi suka tashi suka canza mashekari, suka kai rugarsu wani wuri, sai ya wayi gari shi da matarsa da 'ya'yansa su kaɗai a fili. Wanda ya san rayuwar daji ya san abin da wannan ke nufi. Ni kuwa ina nan ina zuwa biro da jakata, ana ce mani Madam, har yabo aka aiko daga Maraɗi cewa aikinmu ya fi na kowa tsabta. Kunya nake ji, kuma tsoro ya fi kunyar yawa, gara in faɗi gaskiya. Mijina ya rasu, wannan aikin ne ke ciyar da 'ya'yana, kuma ga hannuna a kan takardar ƙarya. In na yi magana kora ce, wataƙila har da jandarma, kuma za a ja Inna cikin abin da ba ta san hawa ba. Ban ma san mutum nawa ke cikin kwalayen nan da mutumin ke riƙe da maganarsu yana jiran rana ba. Sau nawa na tsaya ƙofar shef na juya? Na yi istigfari, na yi sadaka, amma sadakata me ta ƙara wa Umaru?

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune sai ga Baba Sambo a ƙofar biro, ya rame, shi kaɗai da sandarsa. Na yi zaton asirina ya tonu, har na ji wani irin sauƙi. Ashe ba haka ba ne. Ya ƙi hawa kujera, ya tsuguna, ya yi ta lalubo Hausa da kansa. Ya ce, "Ɗiyata, ban zo da tafinta ba, na daina ara bakin kowa." Na ce, "Baba, ka tabbata Umaru ne?" Ya ce, "To ke ce?" Ya yi ɗan murmushi don ya nuna mani wasa yake. Na kasa ɗaga kaina. Ya ce so yake in rubuta mashi takarda zuwa ga shef da kuma sarkinsu, a san cewa Umaru maci amana ne, kada a ƙara sa shi tafinta, kada a ƙara karɓar shaidarsa a ko'ina. Ya ce, "Ni na rene shi da hannuna bayan ubansa ya rasu. Ke da ba jinina ba kin riƙe mani amana, shi ya sayar da ni. Ki rubuta da hannun nan naki, shi na yarda da shi."

Na ce mashi wuta ta ɗauke, ya dawo kasuwa mai zuwa. Ƙarya ce, fanka na juyawa a saman kanmu, ya ɗaga kai ya gani. Ya sa mani albarka ya tafi.

Jama'a, kasuwa jibi ce. Zai taho tun daga daji don in rubuta sunan Umaru a kan laifina. In na ƙi rubutawa zai sami wani ya rubuta. In na faɗi gaskiya, ban san abin da 'ya'yana za su ci ba, kuma ban san da wane ido zan dubi tsohon nan ba. Don girman Allah ku gaya mani, me zan yi?