Ban Samu Waƙoƙin Kakata a Kwamfutar Laburare Ba

Anti Zahra'u, don Allah ki taimake ni. Ina ajin ƙarshe na sakandare a Aliero. Malamin Hausa ya ce kowa ya yi bincike kan adabin baka, sai na zaɓi waƙoƙin da kakata Gudiya take yi da ƙawayenta a Jiga Birni in suna ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ya ce in kawo rubuce-rubucen masana guda uku ranar Litinin, in ba haka ba zai canza mini batu.

Sau huɗu ina zuwa laburare. Na rubuta sunan kakata a rumbun bayanai na kwamfutar wurin, na rubuta sunan garinmu, har baitin farko na rubuta, ba abin da ya fito. Ma'aikacin wurin, Baba Gado, aminin mahaifina ne. Durƙusawa nake yi in gaishe shi, in ya tambaye ni aiki in ce lafiya lau. Ba zan iya ɗaga kai in ce na kasa ba. Kakata kuwa har ta gaya wa ƙawayenta za a sa su a takarda. Ko dai waƙoƙin ba adabi ba ne?

Mai Kunya, Aliero

'Yata Mai Kunya, adabi ne. Rumbun bayanai abin da aka riga aka rubuta kawai yake nunawa, kuma da alama ba wanda ya riga ki zuwa wurin Gudiya. Malaminki ma yana da gaskiya, dole ki san abin da masana suka ce kafin ki ce naki.

Kin matse neman da yawa. Cire sunan mutum da na gari. Nemi “waƙoƙin aiki”, “waƙoƙin mata”, “waƙoƙin daka”, da Hausa da Turanci. In kin samu maƙala ɗaya, duba jerin littattafan da ke ƙarshenta, za ta kai ki ga sauran. Kada ki manta da kundayen digiri na jami'o'i. Kakarki kuma ki ɗauki muryarta a waya, ki rubuta rana da wuri.

Baba Gado kuwa, kunyarki tarbiyya ce, amma don amsa tambaya aka ajiye shi. Rubuta tambayarki a takarda, gobe in kin durƙusa gaisuwa ki miƙa masa da hannu biyu. Allah ya ba da sa'a.

Anti Zahra'u