Littafi Mai Jan Bango

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Nas ta ce Umma kaɗai ake bari ta shiga ɗakinka, wai maganin kansar ya karya maka garkuwar jiki. Takarda ma sai an sa ta a leda. To, ga ni a leda.

Umma ta ce zazzaɓin ya ƙi jin allura, ga tari. Wai likita ya tambaye ta ko akwai danshi ko funfuna inda kake kwana a gida, har ta ji haushi, ta ce ɗakin da take gogewa da hannunta kullum? Ni dai na sunkuyar da kai. Ka san littattafan soyayyar nan da na ɓoye a kwali bayan tankin ruwa, waɗanda nake lallaɓo maka in kwanciya ta ishe ka. Ka tuna yadda suka yi ɗigo-ɗigon baƙi, kana hure su kana cewa har soyayyar ta ruɓe? A fuska fa kake kifa su ka yi barci.

Yaya, in faɗa?

Ka huta lafiya,
Auta

Uwar Soyayya,

Na ga gaisuwa, ina amsawa. Kul kika faɗa. Ke faɗa kawai za ki sha, ni kuwa a ji ƙato kamata yana sharar hawaye a kan wata mai fararen idanu? Ina zan sa kaina a gaban nas-nas? Tari ne, zai wuce. Mai jan bangon nan, na tsaya inda direban ya sauke yarinyar a tasha ya tafi. Kada ki cire mini alama.

Yayanki

Yayana,

Ina gaishe ka, in har kana son gaisuwata. Na karya maganarka, amma sai da na bi ta na kwanaki, kuma wannan ne yake cin raina. Ranar da Umma ta dawo da tawul ɗinka don a wanke, na ga jini a jikinsa. Na ƙulle littafi ɗaya a leda na bi bayanta. A barandar asibiti na tare likitan, sai kawai na miƙa masa. A littafi yarinya takan yi jawabi mai ratsa zuciya, ni ko kuka na yi har da majina.

Sauran ka fi ni sani, tunda kai aka yi wa hoton ƙirji, kai aka zura wa siririn bututu har huhu aka ɗebo ruwa. Sun ce funfuna ce ta yi sheƙa a ciki, shi ya sa alluran baya ba su taɓa ta ba, yanzu an canza maka magani. Likitan ya ce ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, ba mai iya rantsewa daga littafin ta fito. Na tambaye shi, da na zo da wuri fa? Ya ce in je gida in ci abinci.

Da likitan ya gaya wa Umma, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ƙona kwalin a bayan gida, ta haɗa kayanta ta tare a wajenka, ko kallona ba ta yi ba. Da ma dukana ta yi.

Ka yafe mini,
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Yayanki ya ce in rubuta, hannunsa ba ƙarfi. Zazzaɓi ya ɗan sauka, likita ya ce sai an ga hoto na gaba. Maganin yana sa shi ganin komai rawaya, har ni.

Ya ce tunda na ƙona mai jan bangon, ki rubuto masa ko direban ya dawo. Ki ba Kawu ya kawo. Ki yi manyan baƙi, ni zan karanta masa.

Ummanki