Ƙashin da Ya Ƙi Barin Wuyan Fanna

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Makarantu na Damagaram,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sau biyu na zo biro ɗinka, wato ofishinka, aka ce kana rangadi. Na yarda. Shi ya sa na rubuto a fili, ko takarda za ta iske ka inda ni ban iske ka ba.

Maganar 'yar wana ce, Fanna, wadda nake riƙo. Shekarunta tara, daga Gidimuni na ɗauko ta na sa ta lakwal, makarantar bokon unguwarmu. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama. Ta tashi, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an matso. Sauran magana a leɓen mutum take karantawa. Yanzu darakta ya rubuto cewa in ta sake zuwa ta ƙarshe a jarrabawar ƙarshen shekara za a sallame ta, saboda taurin kai da daƙiƙanci. Ga yadda aka ƙera wannan daƙiƙancin.

Na farko, wurin zama. A ajinsu, na ɗaya shi ke gaba, na ƙarshe yana jikin bango. Mushe, wato malaminsu, yana karanta dikte, shiftar Faransanci, yana zagaya aji, rabin lokaci ƙeyarsa yara ke gani. Fanna ba ta iya karanta ƙeya ba, ta faɗi. Aka mayar da ita baya, inda ko bakinsa ba ta hangowa, ta sake faɗuwa. Tsari ne mai kyau ƙwarai: wadda ta fi kowa bukatar kusanci ita ake nesantawa, sannan a yi mamakin sakamako.

Na biyu, sambol. Ka san shi, ranka ya daɗe, wataƙila ka taɓa rataya shi, kamar yadda na rataya kafin in tafi karatu Dakar. Muƙamuƙin akuya ne a igiya, ana rataya wa wanda aka ji yana Hausa. Ba ya rabuwa da shi sai ya ji wani ya yi, ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala. Bara aka sami mulkin kai aka canza tuta, akuyar dai tana bakin aikinta.

Wata biyu ke nan ƙashin yana wuyan Fanna. Yara ba wawaye ba ne, sun gane in sun koma hagunta za su yi Hausarsu har su gaji. Sau ɗaya ta ga leɓen wata yarinya na Hausa, ta cire ta miƙa mata. Mushe ya tambaya ko ji ta yi. Ta faɗi gaskiya, gani ta yi. Ya ce ƙa'ida ji ta ce, ya mayar mata. Tun ranar kullum ita ke shan bulalar yamma, a madadin aji guda.

Na uku, abin da haka ya yi mata. Yarinya ce mai surutu da ƙarfi, irin na waɗanda ba sa jin muryarsu. Yanzu ta gano hanya ɗaya ta tsira, ta daina magana, da Faransanci da Hausar duka. A gida ma sai nuni. Da safe tana amai kafin mu fita. Amma in na zaunar da ita fuska da fuska na karanta mata dikten nan dai, kuskure biyu ko uku take yi. Takardar darakta ita aka ba a buɗe ta kawo mini, ta karanta ta a hanya. Kalmar daƙiƙanci kaɗai ta tsaya mata, ta nuna mini da yatsa in fassara.

Na kai wa darakta shaidar likita. Ya karɓa da ladabi, ya ce rajistarsa ba ta da gurbin kurame, kuma in aka ɗaga wa ɗaya, gobe duk aji zai kurumce. Ban yi masa gardama ba. Na lura dai ya riga su kurumcewa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A zaunar da Fanna a layin gaba, kunnen dama wajen mushe, ko ta nawa ta zo. A karanta dikte ana fuskantar yara. A cire mata ƙashin, in ba za a iya jefar da shi gaba ɗaya ba. A janye maganar sallama sai ta yi jarrabawar da ta ji tambayoyinta. A kuma duba layin baya na sauran makarantu, domin sanƙarau ba gidanmu kaɗai ya shiga ba.

Sati uku ya rage. Jiya ta rubuta mini a allonta, tana tambaya ko bayan hutu za ta koma aji ko Gidimuni. Ban ba ta amsa ba, domin ba a hannuna take ba.

Allah ya dawo da kai lafiya daga rangadi, ya ba ka ikon yin adalci, ya bar maka kunnuwanka biyu.

Wassalam.

Taka,
Gwaggon Fanna, Zinder