Dunduniyar Takalmin Ɗan Fito

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, ya maigidan da yara? Mu muna nan kalau, sai Baba da jikinsa ya ƙi daɗi, abinci ma sai an yi ta lallashi.

Yaya, zauna kafin ki ci gaba. Maɗaba'armu ce ke buga littafi na bakwai, na ƙarshe, na labarin nan da kika yi shekaru kina karanta wa Baba a shago tun da idonsa ya raunana. An sa mun sa hannu cewa ba za mu faɗa wa kowa abin da ke ciki ba, wayoyinmu ma a ƙofa ake karɓewa. Wannan da na gaya miki ma ki riƙe shi a cikinki.

Kin san yadda duniya ta rabu a kan uban Ɗan Fito, jarumin labarin. Masu sharhi a intanet sun ce Sarkin Iska ne, saboda mafarkan dodanni. Wasu sun rantse matsafin dutse ne. Baba kuwa, mai gyaran takalmi, ya kafe cewa tsohon mai gadin ƙofar birni ne, wanda sau uku kacal ya fito. Hujjarsa ita ce a littafi na ɗaya an ce dunduniyar takalmin yaron ta hagu tana cinyewa ta waje, a na uku aka faɗi haka a kan tsohon. Wai tafiya gado ce. Har ni na yi masa dariya, Allah ya yafe mini.

Mu shafi goma sha shida muke bugawa a babbar takarda ɗaya, rabinsu a juye, ba a jere ba, don haka ba mai karanta komai. Shekaranjiya na zaro ɗaya don duba tawada, idona ya faɗa kan layi uku. Wallahi sai da na dafa inji. Na tsaya baki buɗe har shugabanmu ya daka mini tsawa. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Mamaki kawai nake, yadda marubucin da bai taɓa ganin Baba ba ya ajiye abu shekara goma sha tara, tun daga littafi na ɗaya, kamar don mutum ɗaya.

Saura kwana ashirin littafin ya fito, likita kuma bai ba mu tabbacin Baba zai kai ba. In na faɗa na ci amana, in na yi shiru wataƙila ya tafi bai sani ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki, kuma na bi shawararki na je masa.

Na zauna a bakin gadonsa, na ce ina da labari daga wurin aiki a kan littafin ƙarshe. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai haifi mai sayar da amana ba, kuma shekara goma sha tara yana musu da abokan cinikinsa, ba zai bi ta taga ya riga su ba. Sai ya tambaye ni kwana nawa ya rage littafin ya fito, ya ce a kawo masa abinci. Ya cinye tas! Ban taɓa ganin mutum ya yi girma a idona haka ba, sai da na fita waje na share hawaye.

Yanzu kullum da safe shi ke tuna mana lissafi. Yau saura sha ɗaya. Don Allah ki nemi hutu ki taho, ke za ki karanta masa. Ni in na ɗauka, tun daga shafin farko muryata za ta tona ni.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta